Aiki da Godiya: Wadar Zuci a Wurin Kirista

Duk wanda ya tashi a ƙasar da ake gaisuwa da Hausa ya san akwai tambayoyin da ba a amsa su da abin da yake ciki, sai da abin da ya kamata a faɗa. In ka iske mutum a bakin gona da tsakar rana, gumi ya jiƙe masa taguwa, ka ce masa ina aiki, ba zai gaya maka bayansa yana ciwo ba ko da kuwa yana yi, sai ya ɗago ya ce aiki da godiya. In ka ƙara da ina gajiya ya ce ba gajiya, kai ka wuce, shi kuma ya koma ya duƙa. Musulmi yana ba da wannan amsa, Kirista ma yana ba da ita, saboda yawan maimaici kuwa ta zama kamar tsohon kwabo wanda hannu ya goge rubutunsa, ana karɓa ana bayarwa ba mai duba abin da aka zana a kai.

Sai dai akwai lokacin da mutum kan tsaya ya juya kwabon, ina kuma jin irin wannan lokaci muke ciki. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka shelanta janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashin kaya kuwa, bisa ga lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen wannan shekara. Magidancin da a dā yake auno buhu ya koma mudu, mai mudu ya koma gwangwani, amma duk da haka in ka gaishe shi sai ya ce mun gode Allah. To, shin akwai wani abu a ƙarƙashin wannan magana, ko kuwa rufin asiri ne kawai irin na ɗa mai kunya? Mu da muka yi karatun zaure mun san jawabin malamanmu, mun ji babin ƙana'a da na shukura da na tawakkali, mun ji yadda aka kasa godiya uku, ta zuciya da ta harshe da ta gaɓɓai. Abin da da yawanmu ba mu sani ba, alhali kuwa katanga ɗaya ce ta raba mu shekara da shekaru, shi ne jawabin maƙwabtanmu Kirista da inda suka samo shi. Shi nake so in ɗan warware a nan, gwargwadon abin da na karanta a littattafansu da abin da na gani da idona.

Abin da mai bincike zai fara lura da shi shi ne kalmomin duk na gida ne. Sa'ad da Likita Mila, Baturen mishan ɗin nan da ya fara shigowa ƙasar Hausa a 1900, ya zauna a birnin Zariya kafin a koma Wusasa a 1929, shi da abokan aikinsa suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa har aka buga shi a 1932, ba su ƙago wa Kirista wani harshe na dabam ba: Allah suka ce, suka ce addu'a da sujada da tuba da haƙuri da alheri, har yau kuma Kiristan Arewa da sura da aya yake nuna wurin da yake karantawa. Ka duba sunayen 'ya'yansu, za ka iske Godiya da Alheri da Murna da Haƙuri da Salama, sau da yawa kuwa in ka bi diddigin mai suna Godiya sai ka tarar an haife ta ne bayan dogon jira, ko bayan an binne waɗanda suka riga ta. Kalma ɗaya ce, ke nan, amma kowane gida da tushen da ya dasa ta a kai; tushen da Kirista suka fi komawa gare shi kuwa wata 'yar gajeriyar wasiƙa ce da wani ɗan sarƙa ya rubuta wa mutanen birnin Filibi.

Filibi birni ne a Makidoniya, a arewacin ƙasar Girka ta yau, an raɗa masa sunan Filibus mahaifin Iskandari, Rumawa kuma suka zaunar da tsofaffin sojojinsu a ciki, har ya zama kamar wata 'yar ƙaramar Roma a bakin babbar hanyar fatauci da ta ratsa daga gabas zuwa yamma. Wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, Bulus, wanda Kirista suke kira manzo, ya iso garin tare da abokinsa Sila. Wadda ta fara karɓar wa'azinsu wata 'yar kasuwa ce mai suna Lidiya, mai fataucin tufafin shunayya, irin rinin da sai masu hannu da shuni suke sawa, ita ce ta sauke su a gidanta. Ba a daɗe ba rigima ta tashi a kan wata baiwa mai duba, wadda iyayengijinta suke cin abinci da bokancinta; da Bulus ya raba ta da aljanin, suka ga hanyar samunsu ta toshe, sai suka ja baƙin zuwa gaban mahukunta, aka tuɓe su a bainar jama'a, aka yi musu dukan sanda, aka jefa su can ƙuryar kurkuku, ƙafafu a turu. Littafin Ayyukan Manzanni a sura ta 16 ya ba da labarin cewa cikin wannan dare, jiki duk rauni, waƙar yabon Allah aka ji tana fitowa daga ɗakinsu, sauran ɗaurarru sun yi tsit suna ji. A riƙe wannan da kyau, domin shi ne ya ba maganar da ta biyo baya nauyi: mutanen da Bulus ya rubuta wa zancen wadar zuci sun taɓa ganin bayansa.

Bayan kamar shekara goma sai ga shi a ɗaure kuma, yana jiran shari'ar da ba shi da tabbacin zai fita daga cikinta da kansa a wuyansa. Galibin malaman dā sun tafi a kan cewa a Roma ne, tsakanin shekara ta 60 da ta 62, waɗansu na baya suka ce a Afisa. A zamanin, ɗaurarre da abin da 'yan'uwa da abokai suka kawo masa ya dogara, saboda haka Filibiyawa, waɗanda su ma ba wadata gare su ba, suka haɗa gudummawa suka aiki wani daga cikinsu mai suna Abafaroditas, ya yi doguwar tafiya, ya kamu da cutar da ta kusa kai shi kabari. Wasiƙar, in an bi asalinta, takardar godiya ce ta wanda aka yi wa alheri, surori 4 ne kacal, ayoyi 104, amma maganar farin ciki da murna ta maimaitu a ciki wajen sau 16, abin da ba a saba ji daga bakin mai sarƙa a hannu ba. Da ya zo ƙarshe, inda ya kamata ya yi godiyar, sai ya yi wani abu mai wuyar yi: ya yaba kyautar, gama yaba kyauta tukuici, amma ya nuna musu kada su zaci kafin ta iso yana cikin ƙunci ne, domin ya riga ya koyi zama da kowane hali ya samu kansa, da na yunwa da na ƙoshi, da na rashi da na yalwa.

Kalmar koyo ɗin nan ita ce cibiyar al'amarin, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Mun saba ɗaukar wadar zuci kamar halitta ce, wani an haife shi da sanyin hali, wani da zafin nema, sai mu ce wane ai haka Allah ya yi shi. Bulus bai ce da ita aka haife shi ba, duk wanda ya karanta wasiƙunsa kuwa ya san mutum ne mai zafi, mai gardama, mai wuyar zama wuri ɗaya. Abin da ya nuna shi ne sana'a ce da ake koya a hankali a hannun gwani, shi da ma mai sana'ar hannu ne, da ɗinkin tantuna yake ci a Koranti. Kuɗin makarantar ma ya lissafa su a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa: bulala 39 har sau biyar, dukan sanda sau uku, jifa sau ɗaya, jirgin ruwa ya fashe da shi sau uku, ban da wata lalura da ya kwatanta da ƙaya a jiki, wadda ya roƙa sau uku a ɗauke masa ba a ɗauke ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne da ya sa ƙoshi a cikin darussan. Kowa ya yarda yunwa jarrabawa ce, amma kaɗan ne suka san samu ma yana buƙatar malami. Mun sha ganin wanda ya yi shekara ashirin yana haƙuri da rashi, ya samu shekara biyu ya kasa haƙuri da kowa.

Kalmar wadar zuci da ya yi amfani da ita a harshen Girka ba tasa ba ce, aro ya yi daga masana falsafar zamanin, musamman mazhabar nan da ta samo sunanta daga wani shirayi a birnin Atina inda malaminsu Zeno yake karantarwa. Ma'anarta a wurinsu ita ce mutum ya ishi kansa, ya horar da zuciyarsa har ta zama ba abin da zai shige ta daga waje, ko mutuwar ɗa ko ƙonewar gida. Babban marubucinsu a lokacin shi ne Seneka, malamin Sarki Nero, wanda ya rubuta zantuka masu daɗi a kan raina dukiya alhali yana cikin manyan attajiran Roma. Wani abin mamaki ma, wansa Galiyo shi ne hakimin da aka taɓa gurfanar da Bulus a gabansa a Koranti. To, Bulus ya ɗauki kalmar ya juye abin da yake cikinta. Mai falsafa cewa yake yi na wadatu domin na ishi kaina. Shi kuwa ya jingina tasa wadatar ga wani, wato Almasihu, wanda Kirista suka gaskata yana tare da su cikin kowane hali, ya kuma riga su ɗanɗana talauci da wulaƙanci da mutuwa. Nan ne ayar nan ta 13 a sura ta 4 ta zo, wadda ake rubutawa a bayan motocin haya da ƙofar shaguna, mai zancen iya komai da ƙarfin Almasihu. Masu liƙa ta galibi nasara a ciniki suke nufi, ko cin jarrabawa; mai ita kuwa abin da yake nufi shi ne zai iya kwana da yunwa bai yi saɓo ba, zai iya ƙoshi bai manta ba.

Wannan tunani yana da jijiya a sauran littafin. Akwai ƙissar abincin nan da ake kira manna, wanda aka saukar wa Bani Isra'ila a jeji shekara 40, kowa ya tsinci awon yini ɗaya, wanda ya ɓoye don gobe ya wayi gari ya iske tsutsa, in ba jajibirin Asabar ba. Daga nan ne addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa ta tsaya a kan abincin yini. Akwai misalin manomin da gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura ya rushe rumbunansa ya gina manya sa'an nan ya miƙe ƙafa, a daren aka karɓi ransa, misalin da ba ya buƙatar tafsiri a ƙasar da kowa ya san rumbu. Akwai kutare goma da aka warkar, ɗaya tak ya dawo godiya, shi ma Basamariye, bare a cikinsu. Hatta babbar ibadarsu, wadda Kiristan Hausa suke kira Jibin Ubangiji, tsohon sunanta a harshen Girka godiya yake nufi, an kuwa kafa ta ne a kan abincin da Yesu ya ci da almajiransa, ya yi godiya a kansa, a daren da ya san za a bashe shi.

Tarihinsu na baya ma ya nuna godiyar da ta fi daɗewa a bakin mutane a lokacin tsanani aka yi ta. A ƙasar Jamus an yi yaƙin da ake kira na Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, wanda ya cinye garuruwa da ƙauyuka ba adadi. A wani gari mai ganuwa, Eilenburg, akwai limamin coci mai suna Martin Rinkart, wanda ya kama aiki shekara guda kafin yaƙin ya ɓarke, ya rasu shekara guda bayan an yi sulhu, watau kusan duk aikinsa cikin yaƙi ya yi shi. 'Yan gudun hijira suka cika garin, yunwa ta biyo, a 1637 kuma annoba ta sauka. Bisa ga abin da aka rubuta, ya yi jana'izar mutum fiye da 4,000 a wannan shekara, cikinsu har da matarsa. Wannan mutum shi ya tsara waƙar godiyar da ta fi kowace shahara a majami'un Jamus, wadda aka juya zuwa harsuna da yawa, ba kuwa bayan sulhu ya tsara ta ba, a tsakiyar yaƙin ne, an ce ma tun farko don a rera a kan abinci a gida ya yi ta. A Ingila kuma, cikin shekarun yaƙin basasarsu, wani mai wa'azi, Jeremiah Burroughs, ya yi jerin huɗubobi a kan maganar Bulus ɗin nan, aka tara su littafi a 1648 bayan rasuwarsa. Lissafin da ya kawo shi ne wadata ba ta zuwa ta hanyar ƙari a kan abin da ke hannu, ta ragi take zuwa daga abin da rai yake biya, lissafin da kakanninmu suka taƙaita da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na san a nan mai karatu mai kaifin hankali zai ɗaga hannu, yana kuwa da gaskiya. Zai ce wannan ai ita ce maganar da mai ƙoshi ya fi son a yi wa mai yunwa. A cinye haƙƙin talaka, sa'an nan a aiko masa da wanda zai ce ya yi haƙuri ya gode. Lalle an yi haka, a coci da wajen coci, ana kuma kan yi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in an koma ga nassin nasu sai a ga wa'azin ƙana'a sama ya fi fuskanta. Yahaya mai baftisma masu karɓar haraji ya hana ƙari a kan abin da aka yanka, sojoji ya umarta su daina ƙwace su wadatu da albashinsu. Hoton marar wadar zuci mafi muni a Tsohon Alkawari sarki ne, Ahab, wanda ya kwanta ya juya fuska ya ƙi cin abinci don wani talaka, Nabot, ya ƙi sayar masa da garkar gado, har aka kashe mai garkar, Annabi Iliya ya tare sarkin a cikinta. Bulus ɗin da ya yi waƙa a turu kuwa, da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake shi a ɓoye, ƙi ya yi, ya ce an doke su a fili ba shari'a alhali suna da 'yancin Rumawa, sai dai masu hukuncin su zo da kansu. Suka kuwa zo suka ba da haƙuri. Shi ne kuma ya hori Tasalonikawa kada su ciyar da mai ƙin aiki da gangan. Rinkart ma, da sojojin Suwidin suka ɗora wa garinsu tara mai nauyi, fita ya yi ya same su har aka rage. Kuka ma ba a hana shi ba, gama kaso mai yawa na Zabura ƙorafi ne da kai ƙara wurin Allah, Ayuba kuma bai bar abin da bai faɗa ba. Abin da aka hana shi ne butulci, da hassada, da gunagunin da yake mai da Allah abin tuhuma.

Ta ɗaya gefen kuma akwai wata ɓaraka daga cikin gida, wadda dattawan ikkilisiya da yawa suke kuka da ita, wato wa'azin arziki da ya yaɗu a birane, inda ake nuna wa mutum bangaskiyarsa da motarsa ake auna ta, in ya ba da baiko kamar ya shuka iri ne da zai girba ninki. Wanda aka rena da wannan, in shekara ta zo da fari, ko dai ya zargi kansa ko ya zargi Ubangijinsa. Wasiƙar fari zuwa ga Timoti tun tuni ta yi gargaɗi a kan masu mai da addini jari.

Wanda yake son ya ga an gwada wannan koyarwa a ƙasarmu, ya dubi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro ranar 17 ga Maris, 1923, a gindin wata tsamiya a Garkida, ta yaɗu a kudancin Borno da arewacin Adamawa, tana kuma cikin ikkilisiyoyin da aƙidarsu ta hana ɗaukar fansa. Fitinar Boko Haram, wadda ta ci Musulmi ta ci Kirista, a tsakiyar ƙasarsu ta sauka: mafi yawan 'yan matan nan 276 da aka kwashe a Chibok a watan Afrilu na 2014 'ya'yansu ne, a watan Oktoba na shekarar aka mamaye hedikwatarsu a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci, majami'u masu yawa suka zama toka. A 2023 suka yi bikin cika shekara 100 da sujadar godiya, alhali akwai iyayen da har lokacin ba su ga 'ya'yansu ba.

Ni dai abin da na gani da idona ya fi wannan ƙanƙanta. A ƙarshen 2023 wani tsohon abokin karatuna ya gayyace ni godiyar kaka a ƙauyensu, a kudancin Kaduna, ƙasar citta. Shekarar ce wata cuta ta faɗa wa citta a yankin Kachia da Jaba da Kagarko, ganye ya yi rawaya tun da damina, in an tona sai a iske saiwar ta ruɓe. Ga mutanen da cittar ce kuɗin makaranta, ita ce kwanon rufi, ita ce sadaki, da yawansu kuma da bashi suka sayi iri da taki. Aka ba ni benci a baya, wurin baƙi. Hunturu ya fara, hazo yana shigowa ta tagogin da ba su da murfi. Bayan wa'azi sai 'yan Zumuntar Mata, da zane iri ɗaya, suka ɗauki tuluna suna bugun bakinsu, caki yana amsawa, aka shiga kiran gida-gida, kowane gida ya taso da rawa a hankali, taku biyu gaba ɗaya baya, da abin da ya kawo a ka: damin dawa, ƙwaryar wake, doya uku a ɗaure, kabewa, rake, zakara yana fisge-fisge a hammatar wani yaro. Abokina ya raɗa mini cewa a shekarun baya buhunan citta sukan kai rabin bangon gaba. A ranar ko ɗaya ban gani ba.

Can wajen ƙarshe wata tsohuwa ta taso ita kaɗai, ba miji ba ɗa a bayanta, da 'yar ƙwarya a rufe da faifai. Tafiyarta ta fi ta kowa jinkiri, masu tulu suka rage kiɗa don su daidaita da ita, ta ajiye, ta buɗe: acca ce, ba ta fi mudu biyu ba, an sussuke ta an wanke fes, wanda ya san wahalar gyaran acca kuwa ya san aikin kwanaki ne a cikin ƙwaryar nan. Da aka tashi, ana gwanjon kayan a waje don a raba kuɗin tsakanin aikin coci da gwauraye da marayu, na iske ta zaune a kan dutse tana sosa gwiwa. Abokina ya gabatar da ni, na durƙusa muka gaisa. Da ma ya gaya mini gonar cittarta gaba ɗaya ta tafi, da kuɗin adashi ta yi noman, saboda haka na yi ƙarfin hali na ce, Mama, bana fa ba a samu ba, amma na ga kin fito da rawa.

Ta dube ni tsawon lokaci, irin duban da ake yi wa yaron da ya yi tambayar da ya kamata ya san amsarta. Ta ce, “Ɗana, wanda ya ba ni bara, ya ba ni bara waccan, ya ba ni shekara sittin da wani abu, bana don ya hana sai in ɗauke masa gaisuwa?” Na ce to ba ki ji zafi ba? Ta ce, “Wa ya gaya maka? Ran da na tona na ji wari, a gonar na zauna na yi ta kuka har rana ta faɗi. Kwana uku ban sa komai a baki ba. Duk abin da ke cikina na faɗa masa, ban rage ba, ai ba baƙo ba ne. Da na gama na tashi na je na duba accata.”

Na yi shiru, ina neman abin da zan ce, sai ta juya wajen abokina ta tambaye shi ko ni ne mai rubutun da ya ce zai zo. Ya ce ni ne. Ta gyara zama, ta nuna ni da yatsa, ta ce, “To, ka buɗe takardarka. Waɗansu sun zo nan da mota, sun rubuta sunayenmu, sun ɗauki hoton gonaki, sun ce za a kawo iri da magani. Wata uku ke nan ko ƙurarsu ba mu gani ba. Ka rubuta taki ya fi ƙarfinmu. Ka rubuta gadar rafinmu ta karye tun damina, mai ciki sai a kan babur ake zagayawa da ita. Ka rubuta da kyau, kada ka rage.” Na ciro alƙalami ina rubutawa tana maimaita mini, a bayanmu kuwa mai gwanjo ya ɗaga ƙwaryar accar yana tambaya wa zai ƙara.